Aslaug da Maƙwabcin Bakin Tafki

Aslaug Rimstad mai girki ce a gidan tsofaffi na wani ɗan gari a kwarin Setesdal, can wata ƙasar sanyi mai maƙwabtaka da Sweden. Tun tana budurwa ta shiga madafar nan, a ciki kuma furfura ta same ta. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana sai in an taɓo farashin kaya. Ma'aikatan jinya na gidan suna ɗan shakkarta saboda abu ɗaya: daga kwanukan da ake dawo mata da su take gane wanda tafiyarsa ta matso. Takan dubi faranti, ta ga an ɗan taɓa dankali an bar kifi, ko an kurɓi romo an ture burodi gefe, sai ta ce, "Ku kira 'ya'yan mai ɗakin ƙarshe su zo." Ba ta cika kuskure ba. In an yi rasuwa kuwa, ita ce ke shiga ɗakin ta buɗe taga kamar yadda ta ga kakarta na yi, ta yi wa mamacin sallama da sunansa, ta ɗauke kofin da ya bari.

A wata gona ta tashi, can saman dutse, inda sai an ɗaura wa mutum igiya a ƙugu kafin ya yanki ciyawa a gangare. Awaki, sanyi, da uwa mai wanke ledar burodi ta shanya don a sake amfani da ita. Daga nan ta gaji riƙon hannu. Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya tafi aikin haƙar mai a teku, ya saba da zaman can fiye da na gida, suka rabu ba tare da ko ɗaga murya ba. Ba ta haihu ba. Danginta da suka rage su ne yayanta Eilif, bakanike, da 'ya'yansa.

Eilif ne ya sayi babur ɗin don kansa, wani tsohon jan babur mai nauyi, sai ciwon baya ya hana shi hawa. Ya daɗe a lulluɓe a kusurwar gareji. Aslaug ta haura arba'in ranar da ta yaye lulluɓin ta ce ya koya mata.

"Ke da ko keke ba ki gama iyawa ba?" in ji Eilif.

"Tukunyar da nake ɗagawa kullum ta fi wannan abin nauyi."

"Tukunya ba ta gudu da mutum."

"Koya mini, Yaya, ka rage surutu."

Daga shekarar nan, duk hutun bazara takan ɗaure kayanta a bayan babur ta miƙe arewa. Ta haye duwatsu, ta shiga jiragen fito, har ta kai inda ƙasa ta ƙare teku ya fara, sannan ta zagayo ta Finland da Sweden ta dawo gida da fuska a ƙone da iska. Kuɗin masauki a hanyar arewa kuwa kowa ya san halinsa. 'Yar bukkar katako mai gado da ƙugiyar rataye riga, kwana ɗaya, sai ta lashe abin da zai sha wa babur mai na yini da yini. Aslaug ta ce ita ba za ta biya kuɗi don ta rufe ido ba, tunda idon nata ne. Tanti ta saya, da buhun barci, da ɗan rishon gas.

Ba sakarci take yi ba. Tana da ƙa'idojinta, kuma ta riƙe su gam. Ko dai ta kwana cikin mutane da yawa, ko inda babu mai ganinta sam. Tsaka-tsakin nan, gefen titi inda kowane mai mota zai hango tanti ɗaya tilo, shi ne ba ta yarda da shi. Ba ta kafa tanti a kwari, don ruwa ba ya sallama. Babur kullum fuskarsa na kallon hanyar fita. Wuta kuma a waje ake kunna ta, ko ana zuba ruwa. Kowace yamma takan kira Eilif ta faɗa masa inda take.

"Har yanzu kina raye, uwar tsumulmula?"

"Ina raye, kuma ban biya kowa ba."

Shekarar da abin ya faru tana gab da sittin. Tun daga gaɓar teku ruwa ya biyo ta, ba mai ƙarfi ba, irin mai nacin nan da ke bin ɗinki yana shiga. Kwana da kwanaki tana naɗe tanti a jiƙe, tana warware shi a jiƙe. Safarta ta ƙarshe ta jiƙe, yatsunta suka yi fari suka yamutse. Da ta hau tudun Finnmark, inda babu itace sai gajerun tsirrai da tafkuna, sai sararin ya sauko ya haɗe da ƙasa. Lokacin ne da rana ba ta faɗuwa, amma ba a ganinta. Haske ɗaya ne fari-fari safe da yamma, marar inuwa. Barewar arewa, irin waɗanda ake kiwo a can, suna tsaye a gefen kwalta, ruwa na zuba a jikinsu, ba sa motsi, ba sa ma juyowa su dubi babur.

Wajen la'asar ta iso wasu bukkoki a bakin hanya. Mai wurin wani dattijo ne gajere ɗan makiyayan barewa, ana ce masa Ante. Yana ganinta ya zuba mata kofi tun ba ta cire hular kwano ba.

"Uwar babur, daga cikin tafki kika fito?"

"Nawa ne bukka, Dattijo?"

Ya faɗa mata. Ya haura kurona dubu. Aslaug ta ajiye kofin a hankali.

"Sayar mini za ka yi, ko haya?"

"Da abin ɗumama ɗaki fa, da ruwan zafi."

"Da mai yi mini tausa?"

Ante ya yi dariya har da tari. Ya ce ba laifinsa ba ne, baƙi ne suka ɓata kasuwa, kuma bazara gajera ce, abin da ya samu yanzu shi zai ci har ƙanƙara ta narke. Ya ɗan rage mata. Ta ce ko rabin haka ba za ta biya ba. Ya dubi takalmanta da ruwa ke fita daga cikinsu, ya ce, "Ruwan nan ba yau zai ɗauke ba. Kuma in ya tsagaita, sauro ne zai karɓi aiki. Ki kwana a nan, baiwar Allah."

Ta gode masa da kofi, ta hau babur.

Ba ta yi nisa sosai ba ta hango abin da idonta ya saba nema: tsohuwar hanyar tsakuwa da aka bari tun da aka shimfiɗa sabuwar kwalta. Ta bi ta a hankali. Hanyar ta zagaye wani tudu, ƙarar titi ta ɓace, sai ga tafki shimfiɗe, baƙi, ko motsi babu a samansa ban da ɗigon ruwa. A can ɗaya gefen filin, kusa da bakin ruwa, akwai koren tanti, da babur a jingine kusa da shi.

Ta ji daɗi. Mai babur ɗan'uwa ne, kuma wanda ya iya nemo wuri irin wannan ya san abin da yake yi. Ta kashe inji ta ɗaga murya.

"Sannu da hutawa, maƙwabci!"

Shiru. Wasu hankaki da ke kan dutse suka tashi, suka ɗan zagaya, suka koma inda suke.

Ta ce a ranta barci yake, ko ya zagaya kamun kifi. Mutumin hanya ba a matsa masa. Ta zaɓi wuri mai ɗan tudu nesa da shi, ta ɓangaren da iska ke fitowa, ta juya babur ya kalli hanya, ta kafa tantinta. Ta ciro waya don ta kira Eilif, ta tarar babu sabis ko ɗigo.

Maganar Ante ta tabbata. Ruwan ya koma yayyafi, sauro suka taso daga ciyawa kamar hayaƙi. Suna shiga hanci, suna shiga kunne. Ta faɗa tanti ta zuge zif har ƙasa, ta toshe 'yan kafofin iska da riga saboda ta nan ma suna kutsowa. Ta zauna a jiƙe, haƙoranta na haɗuwa. A nan ne ta dubi risho. Shekara da shekaru ba ta taɓa kunna shi a ciki ba. Ta ce na ɗan lokaci ne kawai, ruwa ya tafasa, safa ta sha ɗumi, shi ke nan.

Ɗumin ya yi daɗi. Ta rataye safa a saman tanti, ta jingina da jakarta tana kallon shuɗiyar wutar. Ruwa ya tafasa, ta ce bari ta ɗan ƙara. Kanta ya fara nauyi, wani ciwo na bugawa a goshi a hankali. Ta ga ya kamata ta miƙa hannu ta kashe, ta kuma ga hannun a kan cinyarta, amma tsakaninta da shi kamar akwai tafiya mai nisa. Ba ta ji tsoro ba. Abin da ta fi tunawa daga baya ke nan: ko kaɗan ba ta ji tsoro ba, wani irin sauƙi ma take ji.

Sai ta ji tafiya a kan tsakuwa.

Takun mutum ne mai manyan takalma, ba ya sauri. Ya taso daga wajen tafki, ya iso, ya zagaya tantin. Ta ji ƙafarsa ta taɓa igiya, tantin ya ɗan girgiza. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ta so ta ce masa sannu, harshenta ya ƙi. Muryar namiji ta yi magana, ƙasa-ƙasa, a shaƙe, cikin harshen da ba ta sani ba. Kalma ɗaya ce gajera. Ya sake faɗinta, wannan karon da tsawa, irin wadda ba a yi wa baƙo.

Zif ya zuge daga ƙasa har sama.

Iska mai sanyi ta bugi fuskarta. Ba ta san yadda aka yi ba, ta dai tsinci kanta da rarrafe a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa tana amai. Ta kwanta rub da ciki, sauro suka rufe ta, ba ta iya ko korarsu ba. Ta daɗe a haka. Da ta iya ɗaga kai ta duba, babu kowa. Fili ne fetal, babu itacen da mutum zai ɓuya a bayansa. Rishon a ciki ya mutu, gas ɗinsa bai ƙare ba.

Yayyafin ya ɗauke. Ta sha ruwa, ta wanke fuska a tafki, ta zauna a kan dutse har jirin ya ragu. Kunya ta kama ta, mace da furfurarta a ce baƙo ne ya zo ya ciro ta daga wautarta. Ta yanka burodi, ta ɗora masa cukun awaki mai ruwan ƙasa, ta naɗe a takarda, ta nufi koren tantin don ta yi godiya.

Tana matsowa tana rage sauri.

Babur ɗin ta fara lura da shi. Ciyawa ta tsiro ta ratsa ta cikin wayoyin ƙafar gaba, har ta yi fure. Sarƙa ta yi ja da tsatsa. Kashin tsuntsaye ya bushe a kan kujera, wani kan wani. Gefen tantin da ke kallon kudu ya koɗe ya zama fari-fari, igiya ɗaya ta tsinke tana reto. Zif ɗin ƙofa a rufe yake har ƙasa, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa, saƙar tana ɗauke da ɗigon ruwa, ba ta tsinke ko ta wuri ɗaya ba.

Sai iska ta ɗan juya, ta kawo mata abin da hancinta ya sani: warin gawa.

Da wata ce, da ta gudu. Aslaug ta tsaya, burodi a hannu. Sannan ta durƙusa, ta share saƙar gizon da yatsa, ta ɗaga zif kaɗan. Manyan takalma biyu a jere a bakin ƙofa, da safa a tura a cikinsu. Buhun barci, da wanda ke cikinsa, kwance a gefe ɗaya, fuska ga bango. Kusa da kansa risho ne da 'yar tukunya a kai, ta bushe ƙaf. Kowace kafar iska an cusa mata tsumma.

Ba ta san sunansa ba, don haka ta ce, "Sannu, bawan Allah. Ka daɗe a nan." Muryarta ta fito kamar ta wata. Ta bar ƙofar a ɗan buɗe. Burodin ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta ajiye a kan kujerar babur ɗinsa.

Ba ta naɗe tantinta ba. Ta sa hular kwano, ta hau babur, ta bi tsakuwar nan a hankali kamar mai koyo. Har ta zagaye tudun ba ta dubi madubi ba, da gangan.

Ante na tsaye a ƙofa da ta iso. Ya buɗe baki zai yi mata tsiya, ya ga fuskarta, ya fasa. Matarsa Risten ce ta kama ta ta zaunar kusa da murhu, ta cire mata takalma kamar yarinya. Aslaug ta faɗi abin da ta gani a koren tanti, Ante ya kira 'yan sanda. Da ya ajiye waya sai ta faɗa musu sauran, tun daga risho har zuwa zif, idonta a ƙasa.

Babu wanda ya yi dariya. Ante ya dubi matarsa, ta dube shi.

"Tun farkon bazara karnukana suka daina bin hanyar nan," in ji shi. "In mun zo mararrabar sai su zauna. Na ɗauka kerkeci ne ya ratsa."

"Da ka je ka duba," in ji Risten.

"Da na je."

Risten ta zuba mata romon naman barewa, ta ce, "Sha, 'yar'uwa. Kada ki yi ta juya abin a ranki. Mamacin nan ya ga abin da kike yi ne, ya san ƙarshensa." Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin maƙwabci ya taya wani ɗaukar itace. Suka ba ta bukkar da ta fi kusa da gidan, babu wanda ya ta da maganar farashi. Washegari da ta ta da ita da kanta, Ante ya ce in ta sake ambata zai sakar mata karnuka.

'Yan sanda suka zo da likita. Wata 'yar sanda matashiya ce ta ɗauki bayaninta, ta kuma kwaso mata tantinta da kayanta. Ta gaya mata mutumin ɗan Holland ne, sunansa Wiebe Terpstra, ana nemansa tun farkon bazara, amma can wajen gaɓar teku, don nan ne ya ce wa iyalinsa zai bi. Likita ya auna Aslaug, ya ce iskar da risho ke fitarwa a rufaffen wuri ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, tana sa mutum ya ji muryoyi. Ya ce da kanta ta buɗe ƙofar, jiki ne ke neman tsira ko hankali ya tafi.

"Haka ne, likita," in ji Aslaug.

'Yar sandar ta raka ta waje. Suna fita ta ce, "Inna, burodin nan da ke kan babur ɗinsa, ke kika ajiye?"

"Ni ce."

"Takardar kawai muka samu. An ninke ta, an sa ta ƙarƙashin igiyar kaya."

Aslaug ta ce hankaki ne. 'Yar sandar ta ce ita ma haka ta rubuta.

Da ta samu Eilif a waya ya zazzaga mata faɗa kamar zai fasa wayar. "Saboda kuɗin ɗaki! Kuɗin ɗaki, Aslaug! Da akwatin gawa da bukka wanne ya fi tsada? Faɗa mini, tunda ke ce mai lissafi!" Can sai faɗan ya tsaya, ta ji yana jan hanci. Tun rasuwar mahaifiyarsu ba ta ji kukansa ba.

"Ki dawo gida," ya ce.

"Zan dawo, Yaya. Ta Finland."

"Allah ya shirye ki."

Da kaka, bayan ganye ya zube, wata mata ta zo gidan tsofaffi tana tambayar mai girki. Gajera ce mai tabarau, da jakar hannu a rungume a ƙirji. Aukje ce, matar Wiebe. Ta biyo jirgi da mota tun daga ƙasarsu don ta ga wadda ta samo mijinta. Aslaug ta kai ta gida, ta ɗora kofi, suka zauna a madafa suna haɗa magana da ɗan Turancin da kowacce ta iya.

Wiebe direban bas ne, in ji Aukje, har ya yi ritaya bai taɓa makara ba. Tafiyar arewa ita ce burinsa tun suna saurayi da budurwa. Da ya zauna ya duba farashin masauki sai ya ce in zai riƙa kwana a ɗaki, rabin hanya zai juyo. Shi ya sa ya sayi tanti, abin da bai taɓa kwana a ciki ba. A falo ya gwada kafa shi, karensu na ta shiga yana fita. Ta yi 'yar dariya, ta cire tabarau ta goge.

"Ya sha wahala?"

"A'a," in ji Aslaug. "Wannan na sani. Ɗumi ya ji, ya yi barci."

Ba ta yi niyyar faɗin sauran ba. Amma da Aukje ta tambayi yadda aka yi ta tabbatar haka, sai ta ba ta labarin nata rishon. Ta ce ta ji murya, likita ya ce iskar ce. Aukje ta tambaye ta me muryar ta ce. Aslaug ta ce ba ta san harshen ba, ta dai gwada kwaikwayon sautin yadda ta riƙe shi, da tsawar da komai, tana jin kunya.

Aukje ta ajiye kofinta.

"Haka yake ce wa karen in ya shigo madafa," ta ce. "Fita. Shi ke nan ma'anarsa. Fita waje."

Sannan Aukje ta tambaya ko za ta ɗan ci wainar da ta gani a faranti, don tun safe ba ta ci komai ba. Ta kwana biyu a gidan, ta koma.

Aslaug ta yi ritaya yanzu, ƙugunta na damunta, amma ba ta bar hanya ba. Ta canza babur zuwa ƙarami. In ruwa ya yi naci takan kama bukka, tana biya tana mita, har masu bukkokin hanyar arewa sun san muryarta. Wani hali kuma ya same ta wanda ba ta da shi a da. Duk inda ta hango tanti shi kaɗai, komai saurin da take yi, sai ta tsaya ta yi sallama, kuma ba ta tafiya sai an amsa. An zage ta da harsuna iri-iri. Ta ta da masu barcin rana, ta katse wa masoya hira, wani Bajamushe ya taɓa leƙowa da wuƙar yanka burodi a hannu. Ita dai da ta ji murya sai ta ce, "Madalla," ta hau babur.

Bara, a wani daji na Sweden, ta yi sallama a bakin wani shuɗin tanti ba a amsa ba. Ta sake, shiru. Keke na jingine a jikin itace. Ta duba ƙafafunsa, babu ciyawa. Ta shaƙi iska, babu komai sai ƙamshin itatuwa. Duk da haka hannunta ya ƙi zuwa kan zif ɗin, ƙafarta kuma ta ƙi komawa wajen babur. Ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar, hular kwano a cinya, tana saurare.

A haka mai tantin ta same ta da yamma: wata budurwa da ta dawo daga tsinkar 'ya'yan itace, bokiti a hannu, leɓɓanta sun yi shuɗi da abin da ta ci. Ta tsaya daga nesa tana kallon tsohuwar da ke zaune a ƙofarta, fuska fara fat.

"Lafiya, Kaka? Wani abu ya same ki?"

"Naki ne tantin?"

"Nawa ne."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Aslaug ta sauke dogon numfashi, ta miƙa mata hannu. "To, zo ki ɗaga ni, 'yata. Ƙafata ta mutu."